Ranar da aka rufe majalisar Kanada don guje wa ƙuri'a: nazarin rikicin Disamba 2008

A safiyar Alhamis, 4 ga Disamba 2008, Firaminista Stephen Harper ya isa Rideau Hall, gidan Gwamna Janar ta Kanada da ke Ottawa, da buƙata guda a bakinsa: a rufe zangon majalisar dokoki nan take, alhali saura kwana huɗu a kaɗa wa gwamnatinsa ƙuri'ar yankan ƙauna. Ba wanda yake shakkar yadda ƙuri'ar za ta kaya, domin jam'iyyun adawa uku, waɗanda suka fi shi yawan kujeru, sun riga sun sa hannu a takarda cewa za su kayar da shi. Gwamna Janar Michaëlle Jean, wadda ta katse ziyarar da take yi a Turai saboda wannan dambarwa, ta riƙe shi fiye da awa biyu kafin ta amince. Aka kulle majalisa har zuwa 26 ga Janairu 2009, kuma da aka dawo, gwamnatin da ake shirin yi wa jana'iza ta ci gaba da mulki na kusan shekara bakwai.

Ba dokar da aka karya a wannan rana, kuma shi ya sa lamarin ya cancanci nazari. Dokar 1867 da ta kafa Kanada ta ce tsarin mulkin ƙasar zai yi kama da na Birtaniya a tushensa, amma ko sunan ofishin Firaminista ba ta ambata ba. A rubuce, ikon kiran majalisa da rufe zangonta da rusa ta yana hannun Gwamna Janar, wakilin sarkin Birtaniya a matsayinsa na sarkin Kanada. A aikace kuwa, Gwamna Janar yana bin shawarar Firaminista ne, shi kuma Firaminista yana da wannan matsayi ne muddin mafi yawan zaɓaɓɓun 'yan majalisa sun amince da shi. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ginshiƙin tsarin gaba ɗaya, kuma al'ada ce kawai da ba a rubuta ba. Kotun Ƙolin Kanada ta faɗa a 1981 cewa irin waɗannan al'adu ɓangare ne na tsarin mulki, har wasu daga cikinsu sun fi wasu dokoki muhimmanci, amma kotu ba ta tilasta wa kowa bin su. Abin da ke riƙe da su shi ne masu mulki da 'yan adawa su yarda cewa sun hau kansu, su kuma ji kunyar taka su.

Rufe zangon majalisa ya bambanta da hutu, ya kuma bambanta da rusa majalisa. Idan aka rusa, sai sabon zaɓe. Idan aka rufe zango, 'yan majalisa suna nan da kujerunsu, amma zama ya tsaya, kwamitoci sun watse, ƙudurorin gwamnati da ba a kammala ba sun faɗi. Kusan kowace gwamnati takan yi haka idan ta gama ayyukan da ta tsara tana son ta buɗe sabon babi. A Disamba 2008 kuwa majalisar ba ta cika mako uku da buɗewa ba, ba kuma wani aikin da ta kammala.

Asalin abin ya faro ne daga zaɓen 14 ga Oktoba 2008. Jam'iyyar Conservative ta Harper ta sami kujeru 143 daga cikin 308, wato ta gaza kai 155 da ake buƙata don rinjaye. Liberal ta Stéphane Dion ta sami 77, Bloc Québécois ta Gilles Duceppe, mai neman ɓallewar lardin Kebek, ta sami 49, New Democratic Party (NDP) ta Jack Layton ta sami 37, sai 'yan majalisa biyu masu zaman kansu. Dion ya sha kaye mai muni har ya sanar cewa zai sauka daga shugabancin jam'iyyarsa da zarar an zaɓi magaji a watan Mayu 2009. Tattalin arzikin duniya kuma yana cikin mawuyacin hali bayan durƙushewar bankin Lehman Brothers a Amurka a watan Satumba. A irin wannan yanayi, abin da ake sa rai daga gwamnatin da ba ta da rinjaye shi ne ta lallaɓa, ta nemi aƙalla jam'iyya ɗaya da za ta mara mata baya.

Ranar 27 ga Nuwamba, ministan kuɗi Jim Flaherty ya gabatar da bayanin tattalin arziki wanda bai ƙunshi wani babban shirin farfaɗo da kasuwa ba, amma ya ƙunshi abubuwa uku masu tunzura 'yan adawa: dakatar da 'yancin yajin aiki na ma'aikatan tarayya na wani lokaci, sauya hanyar da mata ma'aikata ke bi wajen neman daidaiton albashi, da soke tallafin dala 1.95 da ake ba kowace jam'iyya a shekara a kan kowace ƙuri'ar da ta samu. Wannan tallafi an kawo shi ne a zamanin Firaminista Jean Chrétien a madadin gudummawar kamfanoni da ƙungiyoyin ƙwadago da aka taƙaita. Conservative ta fi kowa iya tara kuɗi daga ƙananan magoya baya, don haka soke tallafin zai ɗan taɓa ta, amma zai karya ƙashin bayan abokan hamayyarta, musamman Liberal da Bloc. Lissafin gwamnati shi ne jam'iyyar da ba ta da tsayayyen shugaba ba za ta iya ɗaga kai ba. Lissafin ya kuskure, domin wanda aka nufi maƙogwaronsa ba ya tsayawa duba ko ya shirya.

Cikin kwana biyu zuwa uku gwamnati ta janye batun tallafin da na yajin aiki, ta kuma matso da ranar kasafin kuɗi zuwa 27 ga Janairu, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Harper ya ɗage ranar da 'yan adawa za su gabatar da ƙudurinsu daga 1 zuwa 8 ga Disamba. A ranar 1 ga Disamba ɗin, shugabannin uku suka zauna a teburi guda gaban 'yan jarida suka sa hannu. Liberal da NDP za su kafa gwamnatin haɗin gwiwa mai ministoci 24, shida daga cikinsu 'yan NDP, har zuwa ƙarshen Yuni 2011, Dion kuma zai riƙe kujerar Firaminista har a zaɓi magajinsa. Bloc ba za ta shiga gwamnati ba, ba ta da minista ko ɗaya, amma ta yi alkawarin ba za ta kayar da ita ba har zuwa ƙarshen Yuni 2010. Kujerunsu a haɗe sun kai 163.

A ƙa'idar tsarin majalisa, ba wani abin mamaki a nan. Jama'a suna zaɓen majalisa ne, majalisa kuma ita ce ke nuna wanda zai yi mulki. A lardin Ontario a 1985, Conservative ta Frank Miller ta sami kujeru 52, Liberal ta David Peterson ta sami 48, amma da NDP mai kujeru 25 ta ƙulla yarjejeniya da Peterson, shi ya zama shugaban gwamnati ba tare da an koma zaɓe ba. Harper da kansa, lokacin yana jagoran adawa a Satumba 2004, ya sa hannu tare da Layton da Duceppe a wasiƙar da suka aika wa Gwamna Janar Adrienne Clarkson, suna tunatar da ita cewa su ne ke da rinjaye, kuma ta tuntuɓe su kafin ta amince da rusa majalisa idan gwamnatin Paul Martin ta nema. Kasafin kuɗinsa na 2006 da na 2007 ma da goyon bayan Bloc suka wuce.

Duk da haka, a makon farko na Disamba 2008 gwamnati ta zaɓi ta yaƙi haɗakar da hujjar da ta saɓa wa tsarin kansa. Saƙon da ministoci da tallace-tallacen rediyo suka riƙa maimaitawa shi ne jama'a sun zaɓi Harper ya zama Firaminista, waɗanda suka faɗi zaɓe suna son su ƙwace mulki ta bayan gida, kuma za su yi hakan ne da hannun 'yan a-ware masu son raba ƙasa. Wasu 'yan jam'iyyar har sun kira abin juyin mulki. Harper ya faɗa a zauren majalisa cewa shugabannin uku sun ƙi tsayawa gaban tutar Kanada wajen sa hannu, alhali hotunan taron sun nuna tutoci a ɗakin. Minista John Baird ya ce a talabijin za su tsallake 'yan majalisa da Gwamna Janar su kai maganar ga jama'a kai tsaye. An kuma saki faifan wata ganawar sirri ta wayar tarho da 'yan majalisar NDP suka yi, wadda wani ɗan Conservative ya saurara saboda an aika masa gayyata bisa kuskure, sunan mahaifinsa ya zo ɗaya da na wata 'yar majalisar NDP.

A ganina wannan kamfe, fiye da rufe majalisar kanta, shi ne ɓarnar da ta fi daɗewa. Kashi 38 cikin ɗari na ƙuri'u ma Conservative ba ta cika ba, kuma sunan Harper bai fito a takardar zaɓe ba sai a mazaɓarsa ta Calgary. Amma wani binciken jin ra'ayi da aka yi a watan ya nuna kusan rabin 'yan Kanada sun ɗauka su ne ke zaɓen Firaminista kai tsaye, kamar yadda Amurkawa ke ganin suna zaɓen shugabansu. Gwamnati ta tarar da wannan rashin fahimta ta hau kansa maimakon ta gyara shi. Mafi muni shi ne abin da hujjar ke nufi ga lardin Kebek. Gaskiya ne manufar Bloc ita ce Kebek ta ɓalle, kuma ƙasar ba ta manta da ƙuri'ar raba-gardama ta 1995 ba, wadda masu son zama a Kanada suka tsallake da ƙyar. Amma 'yan majalisar Bloc 49 daga cikin kujeru 75 na lardin zaɓaɓɓu ne kamar kowa. Idan aka ce ƙuri'arsu tana da tsarki ranar da ta ceci kasafin Harper amma ta zama najasa ranar da za ta kayar da shi, to an gaya wa miliyoyin mutane cewa wakilcinsu na aro ne. A yammacin ƙasar kuma, inda Conservative ta lashe kujeru 27 daga cikin 28 na Alberta, mutane da dama sun ji cewa 'yan gabas na shirin ƙwace musu gwamnatin da suka daɗe suna jira. Rikicin jam'iyyu ya koma rikicin yankuna cikin mako guda.

Su ma 'yan haɗakar ba su fita da tsabta ba. Dion ya faɗa a lokacin kamfe cewa ba zai yi haɗin gwiwa da NDP ba, sai ga shi ya yi amai ya lashe bayan 'yan makonni. Sun kuma nemi ƙasa ta karɓi mutumin da jam'iyyarsa ta riga ta sallama a matsayin jagora a tsakiyar rikicin tattalin arziki. Zaman Duceppe a teburin sa hannu ya ba abokan hamayya hoton da suke nema. A daren 3 ga Disamba, bayan Harper ya yi wa ƙasa jawabi a talabijin, faifan martanin Dion ya isa gidajen talabijin a makare, fuskarsa ta fito dishi-dishi yayin da littattafan da ke kan kanta a bayansa suka fito sarai. Ƙaramin abu ne, amma ya sa hatta 'yan Liberal suka fara tambayar ko waɗannan mutane sun shirya riƙe gwamnati. Halascin abu a tsarin mulki daban ne da hikimarsa a siyasa, kuma haɗakar tana da na farko ne kawai.

Ga halin da Michaëlle Jean ta sami kanta. A gefe guda, Harper bai faɗi ƙuri'a ba tukuna, hasali ma majalisa ta amince da jawabin manufofin gwamnatinsa a ranar 27 ga Nuwamba, kuma ba a taɓa samun Gwamna Janar da ya ƙi buƙatar Firaminista ta rufe zango ba. A ɗaya gefen, mafi yawan 'yan majalisa sun rubuta mata cewa sun janye amincewarsu, kuma dalilin buƙatar a bayyane yake: a hana majalisa faɗin abin da ke bakinta. Tarihi ya ba ta misalai biyu masu ja da juna. A 1873, lokacin badaƙalar kwangilar layin dogo zuwa gaɓar Pasifik, Gwamna Janar Lord Dufferin ya amince wa Firaminista John A. Macdonald ya rufe zango, amma na ɗan lokaci, kuma da majalisa ta dawo Macdonald ya yi murabus a watan Nuwamba. A 1926 kuwa Gwamna Janar Lord Byng ya ƙi amince wa Firaminista Mackenzie King ya rusa majalisa, ya kira jagoran adawa Arthur Meighen ya kafa gwamnati, gwamnatin ta faɗi cikin 'yan kwanaki, King ya yi kamfe a kan katsalandan ɗin wakilin masarauta ya kuma ci zaɓe. Tun daga lokacin kowane Gwamna Janar yana tsoron ya zama shi ne batun zaɓe.

Tambayar ko wasiƙar 'yan majalisa za ta iya maye gurbin ƙuri'a a zaure ba baƙuwa ba ce ga masu bibiyar tarihin Nijeriya. A Mayu 1962 Gwamnan Jihar Yamma, Sir Adesoji Aderemi, ya tsige Firimiya Samuel Ladoke Akintola bisa wasiƙar da 'yan majalisa 66 suka sa wa hannu, ba tare da an kaɗa ƙuri'a ba. Kotun Ƙolin Tarayya ta ce bai yi daidai ba, kotun ɗaukaka ƙara ta Landan ta ce ya yi daidai a 1963, amma kafin nan zauren majalisar Ibadan ya koma fagen jifa da kujeru, an kuma kafa dokar ta-ɓaci. Wanda ya san wannan tarihi zai fahimci abin da ya sa masana da yawa a Kanada suka nace cewa a zaure kaɗai ake gane wanda ke da rinjaye. Sai dai wannan hujja kaifi biyu gare ta, domin idan zaure ne kaɗai alƙali, to rufe ƙofarsa ranar shari'a shi ne babban laifi.

Masana sun rabu. Peter Hogg, wanda ya ba ta shawara a lokacin, yana ganin tana da ikon ƙi amma amincewa ita ce ta fi dacewa, saboda haɗakar ba ta nuna alamar ɗorewa ba. Wasu kamar Andrew Heard sun ce ta kafa mummunan misali, ta ba duk wani Firaminista mai zuwa mabuɗin tserewa daga hukuncin majalisa. Peter Russell ya bayyana daga baya cewa ta karɓi alkawari biyu daga Harper: majalisa za ta dawo ba da daɗewa ba, kuma za a gabatar da kasafin kuɗi wanda ƙuri'arsa za ta zama gwajin amincewa. Ni ina ganin hukuncinta yana da madogara, domin ta jinkirta ƙuri'ar ne na mako bakwai ba ta soke ta ba, kuma mutumin da ba zaɓaɓɓe ba ya kamata ya yi taka-tsantsan kafin ya sauya gwamnati da hannunsa. Nauyin yana kan wanda ya kai buƙatar. Al'adar ba ta ce Gwamna Janar ya riƙa ceton majalisa daga Firaminista ba, ta ɗauka ne cewa Firaminista ba zai taɓa jefa shi cikin wannan tsaka mai wuya ba.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Dion ya sanar da saukarsa ranar 8 ga Disamba, Michael Ignatieff, wanda dama bai cika ɗokin haɗakar ba, ya karɓi jagoranci bayan kwana biyu. Kasafin 27 ga Janairu 2009 ya zo da giɓin fiye da dala biliyan 30 da manyan ayyukan farfaɗo da tattalin arziki, wato abin da 'yan adawa suka nema tun farko. Ignatieff ya amince da shi bisa sharaɗin gwamnati ta riƙa kawo rahoto lokaci-lokaci, abin da ya ɗauka ɗaurin talala ne ya yi mata, haɗakar kuma ta mutu. Masu kare Harper suna nuna wannan a matsayin shaidar cewa tsarin ya yi aiki: an tilasta wa gwamnati sauya hanya, majalisa kuma ta yi magana a ƙarshe. Akwai gaskiya a ciki. Amma al'ada ana auna lafiyarta ne da abin da ya faru a karo na gaba.

Karo na gaba bai yi nisa ba. Ranar 30 ga Disamba 2009 Harper ya sake neman a rufe zango, wannan karon ta wayar tarho, har zuwa 3 ga Maris 2010, a daidai lokacin da wani kwamitin majalisa ke matsa wa gwamnati lamba kan takardun da suka shafi fursunonin da sojojin Kanada suka miƙa wa hukumomin Afganistan. An yi zanga-zanga a birane da dama a watan Janairu, majalisa ta zartar da ƙudurin Layton cewa kada a rufe zango fiye da kwana bakwai sai da izininta, amma ƙudurin ba shi da ƙarfin doka. A Maris 2011 majalisa ta kayar da gwamnatin da ƙuri'a 156 a kan 145 bisa samunta da raina majalisa. A zaɓen da ya biyo baya Harper ya mai da barazanar haɗaka babban takensa, Ignatieff ya yi alkawarin ba zai kafa ta ba, Conservative ta sami rinjaye da kujeru 166, daga baya kuma aka janye tallafin jam'iyyun a hankali har ya ƙare a 2015. Hanyar da tsarin ya tanada domin jam'iyyu su haɗu su yi mulki ta zama abin kunya a matakin tarayya. Ko a 2022, da Firaminista Justin Trudeau na Liberal da Jagmeet Singh na NDP suka ƙulla yarjejeniyar goyon baya, sai da suka riƙa nanata cewa ba gwamnatin haɗin gwiwa ba ce. A larduna abin bai kai haka ba, domin a British Columbia a 2017 wakiliyar masarauta Judith Guichon ta ƙi buƙatar Firimiya Christy Clark ta rusa majalisa bayan ta faɗi ƙuri'a, ta kira John Horgan ya kafa gwamnati.

Jam'iyyar Liberal, wadda ta fi kowa kuka a 2008, ta yi alkawari a 2015 cewa ba za ta rufe majalisa don kauce wa matsin siyasa ba, a 2017 kuma ta sa doka a ƙa'idojin majalisa cewa gwamnati ta riƙa kawo rahoton dalilanta bayan an dawo. A Agusta 2020 Trudeau ya rufe zango yayin da kwamitoci ke binciken kwangilar da aka ba ƙungiyar WE Charity mai alaƙa da danginsa. Ranar 6 ga Janairu 2025, bayan dukkan manyan jam'iyyun adawa sun ce za su kayar da shi, ya sanar da shirinsa na sauka, Gwamna Janar Mary Simon ta amince a rufe majalisa har 24 ga Maris domin jam'iyyarsa ta zaɓi sabon shugaba. 'Yan Conservative suka yi tir da abin da kalamai masu kama da waɗanda aka jefe su da su a 2008, 'yan Liberal suka kare shi da hujjojin Harper. Wasu 'yan ƙasa biyu suka garzaya Kotun Tarayya suna kafa hujja da hukuncin Kotun Ƙolin Birtaniya na Satumba 2019 da ya soke rufe majalisar da Boris Johnson ya yi. A farkon Maris babban alƙali Paul Crampton ya amince cewa kotu na iya duba ko Firaminista ya wuce iyakar ikonsa, amma ya ce masu ƙarar ba su tabbatar da hakan ba. Mark Carney, sabon shugaban Liberal, ya karɓi mulki ranar 14 ga Maris, ranar 23 ga wata kuma, saura kwana ɗaya majalisa ta dawo, ya nemi a rusa ta a tafi zaɓe, aka amince masa. Majalisar da aka rufe a watan Janairu ba ta sake zama ba, ƙuri'ar da 'yan adawa suka yi alkawarin kaɗawa kuma ba a taɓa kaɗa ta ba.